Neman Gashin Ingarma a Maigatari

Gagarawa

Ranar Alhamis ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, bayan na dama wa yara koko. Saboda Kawu Isa na yi tafiyar. Ya koyi gogen Turawa a Legas, wanda ake dafewa da haɓa, ya shekara talatin yana koyar da kiɗa a makaranta. Gashin bakan da yake goga tsirkiya da shi ya tsinke, wata uku bai yi kiɗa ba, har ya daina cin abinci. Ɗalibansa da suka zama manya, ko ɗaya bai leƙo ba. Ya ce sai gashin wutsiyar farin ingarma, don na goɗiya fitsari na ɓata shi.

Gumel

Bakwai saura kwata muka iso. Na ci ƙosai a tasha, na shiga motar Maigatari. Shingen jami'an tsaro biyu muka wuce, kowanne sai an buɗe ƙullina.

Maigatari

Ƙarfe tara ina kara, wajen da ake sayar da dawaki. Na gaida wani dillali, na faɗi buƙatata. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, wane bawan Allah za a ɗaure?"

"Alhaji, na kiɗa ne."

"Haka kuke cewa. Boka ne ya aiko ki."

Mutanen da ke wurin suka bushe da dariya. Ni ba mai faɗa ba ce, amma raina ya ɓaci. Mutum huɗu na tambaya, duk maganar asiri. Mutumin da ya koyar da 'ya'yan jama'a, yau gashin wutsiya ya gagare shi!

Wajen azahar wani dattijo ɗan Damagaram ya kira ni.

"Baiwar Allah, na goge ne? Mai gogen na da rai?"

"Yana nan, Baba, da ƙyar."

Ya yanko daga farin dokinsa, ya naɗe a takarda. "Kar hannu mai maiƙo ya taɓa."

Sule Tankarkar

Biyar na yamma na iso gidan Kawu. Ya ja gashi ɗaya tsakanin yatsunsa.

"Binta, akwai sauran tuwo? Ɗaurin bakan nan ba ya yiwuwa da yunwa."

Malmala biyu ya ci ina kallo. Na kwana, Juma'a da hantsi na dawo gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa dattijon Damagaram. Dillalan nan kuwa, na bar su da halinsu.