Bangon da Ya Yi Zazzaɓi

Shekarar da na fara aiki a Dubai, mu uku muke zaune a wani gidan haya a unguwar Al Nahda. An raba falon biyu da bangon allo, irin wanda ake tsayar da ƙarafa a jere a rufe su, ni na samu ɓangaren taga.

Cikin watan Agusta kawuna ya zo daga Kano sarin kaya, ya sauka a wurina. Kwana uku da zuwansa na dawo daga aiki na tarar da shi tsaye, ya dafa bango.

"Zo ka taɓa nan," in ji shi.

Na taɓa, zafi rau. Na matsa kaɗan, sanyi ƙalau. Na ƙara matsawa, zafi kuma. Haka bangon yake layi-layi har ƙarshe, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki. Kwalin cakulan da ya saya wa jikokinsa ya jingina a wurin duk ya narke.

"Gidan nan ba ku kaɗai ba ne a ciki," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana tofa musu addu'a. Ni da digirina na tsaya a bayansa ina cewa amin.

Washegari na kira mai gyaran ginin, wani dattijo ɗan Pakistan. Ya shafa bangon, ya ɗaga kafet ɗinmu mai kauri ya taɓa tayil, sai ya leƙa bayan ƙofa, ya nuna mini wani makunni.

"Habibi, wa ya kunna wannan?"

Ashe wata Baturiya da ta taɓa zama a gidan ta sa an shimfiɗa wayoyin ɗumama ƙasa a ƙarƙashin tayil, wai sanyin Janairu yana damun ƙafarta. Ƙarafan bangon kuwa a kan tayil suke zaune, su ne ke jan zafin zuwa sama, kamar cokalin da aka bari a cikin shayi.

Kawu ya yi gyaran murya. "Ni na kunna. Na ɗauka na ruwan wanka ne. Kuma ai ruwan ya yi zafi!"

"Kawu, ruwan famfon garin nan a Agusta da zafinsa yake zuwa."

Kawu ya sunkuya. Ya naɗe kafet, ya kwanta rigingine a kan tayil ɗin, ya lumshe ido.

"Khalas, shi ke nan, kada a kashe," in ji shi. "Bayana ya samu magani."

Haka muka yi sati biyu, sanyi daga sama, gashi daga ƙasa, ina yawo a ɗakina da takalmi har ya tafi.