Mataccen Fad a Hannun Baba

Sana'ata gyaran fad. Idan na faɗi haka a gaban dattawan unguwarmu sai su dube ni kamar na ce kaji nake yi wa aski, don haka nakan ƙara bayani: abin nan ne mai maɓallai da ake riƙewa da hannu biyu a buga wasan gem a talabijin. Ina da ɗan shago a unguwar Alabar, tsakanin mai tsofaffin wayoyi da wata mai sayar da waakye, shinkafa da waken nan, kuma duk fad ɗin da samarin Zango suka doka da ƙasa don haushin an ci su, a teburina yake ƙarewa. Na iya aikina, ba yabon kai ba. Shi ya sa abin da zan faɗa yake ci mini rai har yau.

Akwai wata tsohuwar dabara da duk wanda ya taso a ɗakunan gem na Zango ya sani. Idan ƙaninka ya ishe ka da kuka shi ma sai ya buga, sai ka miƙa masa fad ɗin da ba a jona ba. Ya yi ta dannawa yana murna, kai kuma ka yi wasanka cikin kwanciyar hankali. An yi mini, ni ma na yi wa na baya, kuma babu wanda ya taɓa kiran abin ƙarya. A da sai ka ɓoye bakin wayar a bayan talabijin. Da marasa waya suka shigo, ko wahalar ɓoyewar ma babu.

Mahaifina tela ne, kuma mutum ne mai ji da hannunsa. Yakan yanka yadin babbar riga ba tare da ya ja layi da alli ba, ya ɗago ya dubi mai kayan don ya tabbata an gani. Sana'ata kuwa a wurinsa wasan yara ce da aka yi wa rumfa. Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a bakin shagonsa, ya farfaɗo ɓarin damansa a shanye. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun ya ƙi. A asibiti suka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba jinjiri ba ne, ya jefa ta ƙarƙashin gado. Hannun kuma ya tura shi cikin riga, ko baƙo ya zo gaisuwa ba ya fito da shi.

A lokacin nakan rufe shago bayan la'asar, in dawo gida in kunna gem ɗin ƙwallon ƙafa a falo. Baba yana kan kujerarsa yana kallo, yana kushe kowane fas. Ran nan, ban yi zato ba, ya ce in ba shi ɗayan ya gani. Na ba shi fad mai kyau, ya zaɓi masu jar riga. Abin bai yi kyan gani ba. Babban yatsansa ya yi ta zamewa daga kan maɓalli, ɗan wasansa ya ɗauki ƙwallo ya yi waje da ita kamar an aike shi Asokore Mampong, can bayan gari. Na zura masa ƙwallaye har na daina dubawa. Ya ajiye fad ɗin a cinya, mahaifiyarmu, da muke kira Mma, ta bi ni da harara har tsakar gida.

Washegari na zo da wani fad daga shago. Fitilarsa tana kamawa, maɓallansa lafiya lau, sai dai ba ya magana da na'urar gem ɗin. Na san ciwonsa, wata siririyar waya ce ta saki a ciki. Na saita na'urar ta buga wa jajaye da kanta, na miƙa wa Baba, na ce wannan ya fi laushi. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya sa na yi haka. Akwai tausayin, amma akwai kuma son raina: na gaji, ina son wasa mai daɗi, ba ni da haƙurin zama in koya wa tsoho inda zai ɗora yatsa.

Ba a jima ba jajaye suka zura mini ƙwallo. Baba bai yi ihu ba. Babban yatsansa ya tsura wa ido, ya lanƙwasa shi, ya miƙe shi, sannan ya ce a ci gaba.

Daga ranar ya zama ƙa'ida. Kafin in cire takalmi ya riga ya zauna da fad a hannu. Har jan zare ya ɗaura masa, irin ƙullin teloli, don kada a musanya masa da wani. Yana dannawa da gaske, gumi yana tsatsafo masa a goshi, idan an ci ni ya ce ashe gyaran kawai na iya. Abin mamaki, hannun ya fara motsi. Ya koma jan carbi da dama, ya riƙe kofin koko ba ya zubarwa. Ya sa aka fito da keken ɗinkinsa aka zuba masa mai, ya aiki Mma kasuwa ta sayo farin yadi, ya ce kaftanin Sallata na bana shi zai ɗinka. Hujjarsa ɗaya ce: hannun da ya iya zura ƙwallo ba zai gaza riƙe almakashi ba. Kullum sai in ce gobe zan liƙe wayar nan in fara barinsa ya yi wasan gaskiya a hankali. Goben ta yi ta gaba.

Ƙanwata ta dawo hutu daga makaranta, ba ta san komai ba. Wata Asabar ina shago da ƙarfen dalma a hannu sai ga kiranta. Ta ce, "Yaya, fad ɗin Baba mai jan zare, yaya ake haɗa shi? Na danna, na danna, ba ya kamawa kuraa, ko kaɗan."

Ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Ba a haɗa shi, matacce ne. Ki saita na'urar ta buga wa jajaye, shi dai ya riƙe ya yi ta dannawa."

Sai na ji tarin wani dattijo. Ashe ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur don hannuwanta suna kan na'urar. Ashe kuma Baba ya gayyato abokansa uku daga benci na ƙofar masallaci, waɗanda ya shafe watanni yana ba su labarin yadda yake lallasa ɗansa, su zo su ga hannun da idonsu.

Na hau trotro, motar haya, na nufi gida. Na tarar dattawan sun tafi. Mma ta ce sun yi ƙoƙarin rufa masa asiri, sun ce kayan zamani ba su da tabbas, sun sha ruwa, sun yi addu'a, sun sulale. Baba yana kujerarsa, hannun ya koma cikin riga. Na durƙusa. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun rana ta biyu. Na fara kame-kamen cewa ai hannun ya samu sauƙi da gaske, ai ga carbi, ga kofi. Ya gyaɗa kai kamar yadda yakan yi wa mai kaya idan ya zo da dogon surutu.

Da safe na tafi da fad ɗin shago. Na kwance shi, na ɗiga dalma a kan wayar, na mayar. Mai waakye ba ta gama zuba mini nawa ba na gama. Iyakar aikin ke nan da na kasa yi wa mahaifina wata da watanni. Na kawo masa, na nuna masa ga shi yana aiki, na rantse wannan karon shi ne zai buga da kansa.

Ya karɓa da hagu, ya juya shi, ya shafa jan zaren. Ya ce, "Na yarda ka gyara. Amma ko na ci ka yanzu, ta ina zan san ni ne na ci?"

Ya miƙo mini, ya ce in kai shago, wani zai amfana.

Bai sake taɓa fad ba, kuma bai koma bencin masallaci ba sai dai ya yi salla ya wuce. Hannun ya koma yadda yake a hankali. Aka mayar da keken lungu, aka rufa masa zane. Sallar ta zo na sa tsohon kaftani. Ba mu ɓata ba, yana amsa gaisuwata, har yakan tambaye ni kasuwa, amma tun daga ranar idan na ce masa jikinsa ya yi kyau sai ya juya ya dubi Mma ya ga ko gaskiya ne. A haka Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu samari suna zuwa shagona da labarin sababbin fad masu rawa a tafin hannu idan ƙwallo ta bugi ƙarfe, da maɓallan da suke yin tauri idan ɗan wasa ya gaji. Nakan saurare su, in ce a raina da irin waɗannan ne da tun ranar farko Baba ya kama ni, ya zage ni, mu wuce wurin. Nasa yana rataye a ƙusa a bayan teburina. Nakan yi masa caji, yana aiki sarai, an sha taya shi na ce ba na sayarwa ba ne. Farin yadin kuma yana nan a akwatin Mma, ba a sa masa almakashi ba.