Raka'a Biyu a Bakin Filin Jirgi

Ƙwas! Ƙarar makullin akwatin ƙarfe na jiyo daga ɗaka, ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo. Akwatin nan maigidana ba ya buɗe shi sai da dalili, don a ciki yake adana takardunsa na makaranta da na aiki. Na aje rariya na leƙa. Na same shi durƙushe da takarda a hannu. Ya ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Kano, kuma da mu zai tafi, ni da ɗiyarmu mai shekara bakwai.

Zamanin ne kuɗin mai suka shigo ƙasa, ma'aikatu suna ta ɗibar mutane tun ba a gama gina gidajen da za a sa su ba. Cikin mako guda muka tashi daga gidan da muke haya a Ƙofar Marusa, cikin Katsina. Gadona da jeren kwanonina da turmi aka kai gidan mahaifina a Gobarau. Ba mu hau mota ba sai da na ga wata mata, sabuwar mai haya, tana share tsakar gidan da na share da safe.

A Kano, ma'aikatarsu ta sauke mu a wani otal dab da filin jirgin sama, kafin a gama gyara gidan da za a ba mu. A iya sanina, otal ba wurin matar aure ba ne, har na hana a faɗa wa mahaifiyata sunan wurin. Sai na tarar da shi cike da iyalai, shanya a kowace baranda. Ciki da falo aka ba mu, da ɗan madafi kamar kabad, da murhun lantarki da firji. Jiragen kuwa ba su da hutu. In ɗaya zai tashi, gilashin taga ya ɗauki rawa, cokali ya yi ta ƙara a cikin kofi, mai magana ya tsaya da baki buɗe har ya wuce, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Kullum da hantsi wata dattijuwa, sa'ar innata, takan zo shara. Nakan miƙe in karɓi tsintsiyar, ta hana ni, mu yi ta ja, daga ƙarshe in tsaya a lungu ina kallonta kunya kamar ta kashe ni.

Ran da muka isa aka ce kwana biyu ko uku ne, fenti kawai ya rage. Ni kuwa na karanta a gaban mahaifina cewa matafiyi yana ƙasaru, azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Wanda ke jiran biyan buƙata yau ko gobe, ko ya daɗe, matafiyi ne. Sai na kama ƙasaru hankalina kwance. Ko kayan akwati ban fitar ba, sai wanda za mu sa.

Kowace yamma in ya dawo, na kai masa ruwa, sai in ce, "Malam, ya maganar gidan?"

"Sun ce gobe ko jibi."

Daga fenti aka koma ruwan famfo, daga famfo aka koma makulli yana hannun wani da ya yi tafiya. Sallarsa ban taɓa gani ba in ban da nafila, don a masallaci yake yi. Ni dai ina nan kan biyuna, Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo.

A ɗakin da ke kusa da namu akwai wata Hajiya Bakanuwa, matar ɗan kwangila, da suka rushe gidansu za su ɗora bene. Watanta bakwai a otal ɗin, a nan ta haihu, a nan aka yi suna. Ran nan ta shigo aron gishiri ta tarar ina la'asar. Ina sallamewa ta riƙe haɓa.

"Ke 'yar Katsina, ina za ki?"

"Ba inda za ni, Hajiya."

"To biyun mece ce wannan?"

Na yi mata bayani kamar yadda na karanta. Ta yi dariya har da buga cinya.

"Kin san ranar da mai nono ke zuwa, kin san ranar da ba ta zuwa. Albasa kin saya kwando guda. Jiya ina ji kina yi wa sabuwar baƙuwa kwatancen inda ake niƙa. Wane matafiyi ne wannan? Ku Katsinawa da karatu, har ya fi ƙarfinku."

Na yi dariya tare da ita, amma tana fita na hau lissafi. Juma'a shida na lissafa. In zaune nake ban sani ba, salla uku na kowace rana ba su yi ba ke nan. Na zauna bakin gado ina tambayar kaina, shin da na sayi albasar nan, mece ce a zuciyata? Araha na gani, ko zama na ƙudura? Daga ranar, in na tayar da kabbara sai in rasa niyyar da zan ɗaura. In na yi biyu in ji kamar na yi sata, in na ce bari in cika, sai in tuna an ce gobe.

Ana cikin haka ƙanwata ta haihu, muka je Katsina suna. Mun isa da la'asar. Na yi alwala na shimfiɗa tabarma a ɗakin innata, ga ƙafafun gadona can jingine da bango an ɗaure su da igiya. Na tsaya, na rasa nawa zan yi. Garinmu ne, amma ba ni da ɗaki a cikinsa. Na naɗe tabarmar na nufi zaure.

Mahaifina na zaune kan buzu, maigidana na gefe a ƙasa, kansa sunkuye. Na durƙusa daga bakin ƙofa, muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi Kano da mutanenta, ya tambayi ko jikarsa ta ci gaba da hadda. Sannan ya dube ni.

"Mi ya faru? Fuskarki ba ta suna ba ce."

Na kwashe duka na faɗa masa, har da albasar. Ya saurara yana jan carbi.

"Nan dai gidan ubanki ne, ki cika, ki huta. Can kuwa, mace niyyar mijinta take bi." Ya juya wajen maigidana. "Kai nawa kake yi?"

"Huɗu, Malam."

"Don kana bin liman?"

Maigidana ya gyara hular da ba ta karkace ba.

"Ko ni kaɗai ne, huɗu nike yi."

Ashe tun mako na biyu aka gaya masa gidan ba zai samu ba sai bayan damina. Ya ce duk yamma in ya shigo yakan same ni zaune kan akwati, sai bakinsa ya kasa faɗa mini. Bai san ƙasaru nake ba, wallahi bai sani ba, ya maimaita har sau uku. Ni kuwa ina durƙushe na rasa abin da zan ji. Haushi ya taso, na dubi ƙeyarsa, sai tausayi ya danne shi.

"Tausayinka ya ci mata salla, ko ya kusa," in ji mahaifina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da ni, "Abin da aka ɓoye maki, Allah ba ya kama ki da shi. Amma daga ranar da zuciyarki ta san zama ne, baki na cewa gobe, daga nan za ki rama."

"Baba, ban san ranar ba."

"Ni ma ban san ta ba, ɗiyata."

Har aka watse daga suna ina neman ranar nan. Ko ranar albasa ce? Ko ranar da na daina tashi duba taga in mota ta tsaya? A mota muna komawa na yanke wa kaina in ɗauka tun daga mako na biyu, gara in rama abin da ba a bi na da in bar wanda ake bi na. Har yau ban tabbata na yi daidai ba. Maigidana ya yi ta miƙo mini rake a hanya.

Washegari da hantsi na zazzage akwatunan, na jera kaya a kabad, na ɗora ɗan turmin da na ɗauko daga Gobarau a gefen firji. Da azahar ta yi na tayar da salla, ɗiyata a gefena cikin ɗan mayafinta, kamar kullum. Muka yi tahiya ta farko, na miƙe, ita ta yi zamanta tana shirin sallama. Sai da wani jirgi ya gama girgiza taga ta lura ina tsaye, ta zabura ta biyo ni.

Da muka sallame ta dube ni, ta dubi kabad ɗin a buɗe, ta dubi turmin.

"Inna, huɗu kika yi. Nan ne gidan namu ke nan?"