Ƙugiyar Sarƙar Mama

Shekara arba'in ke nan, kullum kafin masu shaguna su gama shara, Baba Mai Ƙugiya ya riga ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan ɗan teburinsa, ya jera filaya da magagari da ƙunshin siririyar waya. Ba ya ƙera sarƙa. Ƙugiyar da ke riƙe ta a bayan wuya, wadda ba mai gani balle ya yaba, ita ce aikinsa.

Duk matan layin sun san halinsa. Kafin ya taɓa sarƙa sai ya ce, "Miƙo hannunki in gani." In ya gama kuma ba ya sallamarki sai kin ɗaura da kanki, ba madubi, ba taimako. Mukan ce tsohon akwai fi'ili.

Da hannun Mama ya fara rawa, ya lanƙwasa mata wata ƙatuwar ƙugiya. Ni ce mai ido. Na ce, "Haba Baba, wannan ai ta rataye nama ce!" Ya yi dariya ya ce, "'Yata, wuya ke sawa, amma yatsu ke ɗaurawa." Ban ji ba. A ɓoye na kai sarƙar wani shago aka sa mata 'yar ƙarama ta inji mai ƙyalli, na jefar da tasa.

Sai da na shiga ɗakinta wata safiya na tarar da ita hannu biyu a ƙeya tana ta fama da 'yar ƙugiyar, gumi na tsattsafo mata. Abu na ƙarshe da take yi wa kanta ke nan, na ƙwace.

Makon jiya na koma wurinsa da kunyata, na iske yana naɗe ƙyallen, zai bar aikin, ido ya ƙi. Duk da haka ya karɓi sarƙar don ya yi mata wata. Sau uku wayar na suɓucewa. Ya ajiye filayar ya ce, "Ki gaishe ta. Ki ce hannuna ya bi sawun nata."

Baba, kai ne mai duba hannu kafin ka duba zinariya. Mun gode, ka kuma yafe mini. Masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku tambayi wanda zai yi amfani da abin.

Yanzu kullum ni ke ɗaura wa Mama sarƙarta. Takan sunkuyar da kai ta ce, "Na gode." Baba, da ƙugiyarka ce, da ba sai ta gode wa kowa ba.