Motar Sulhun Maiwada

Maiwada na Morai bai taɓa fara abu ya kai ƙarshensa ba, in ka cire malmalar tuwo. Ya noma shinkafa a Bakura, tsuntsaye suka yi masa godiya. Ya yi dillancin shanu a kasuwar Talata Mafara, har ranar da ya kusa sayar wa wani bawan Allah bijimin da shi mutumin ya kawo sayarwa. Da ya ci gado sai ya sayi wata tsohuwar mota, wadda ta ga jiya ta ga shekaranjiya. Sau biyu ta kai shi Maradun, a na uku giyar motar ta ce ita ta gama aikin duniya. Aka turo ta gindin darbejiyar ƙofar gidansa, aka ɗora ta kan bulo, matarsa Hindu ta kwashe tayoyin ta ba kaji su yi kwanci.

Amma inji yana tashi, kuma esi, na'urar sanyin nan, tana hura iska kamar ta tsakiyar hunturu. A nan arzikin Maiwada ya ɓuya. Wata bazara wasu maƙwabta biyu suka shigo motar suna zage-zage kan iyakar gona, sanyi ya ratsa su, suka fita suna tambayar lafiyar iyali. Maiwada bai ce komai ba sai "To, a yi haƙuri," wanda shi ne iyakar iliminsa. Gari ya ɗauka cewa mutumin yana da baiwar sulhu. Shi ma ya yarda, don ba a musu da jama'a. Shekara shida ke nan, duk mai rigima ya zo da kwalbar fetur, ya zauna a baya da abokin faɗansa, kuma ba rigimar da ta taɓa fita daga motar nan ta wuce gaban alƙali.

Sai ga maganar Gajere mahauci da Ishaq na Ruwan Gizo. San Gajere ya shiga fadamar Ishaq ya yi wa albasa aski. Mako uku suna zuwa, kullum sai an kusa shiryawa ɗayansu ya tuno wani sabon laifi, ya gyara zama, ya ƙara miƙa wuya wajen iska. Mai unguwa ya gaji, ya ce in ba a gama ranar Laraba ba, Alhamis kotu. Maiwada ya san in wannan ta kuɓuce, sunansa ya bi ruwa, ya koma mutumin da tsuntsaye ke wa godiya.

Laraba da azahar suka shiga, Maiwada ya murɗa makulli, ya murɗa esi. Shiru. Ko numfashin sauro babu.

Aka kira Jatau mai gyaran wayar mota. Sai da suka gaisa tun daga gajiya har lafiyar kaji, sannan Maiwada ya ce, "Gas ne ya ƙare, ɗura mini."

"Baba Maiwada, in gas ne, iska na fitowa, sai dai da zafi. Wagga ko tari ba ta yi. Kai ka san zukata, bar ni da waya."

Ya zaro fis, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ya ƙone, ya duba shi a rana, lafiya lau. Ya kara kunne a ƙasan akwatin gaba, ya ce fanka na gurnani amma ba ta juyawa, wani abu ya riƙe mata wuya. Ya cire kan batir, ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a waje. To gilasan motar na lantarki ne, suna rufe, kuma ƙa'idar motar Maiwada ita ce wanda ya fara fita shi ne marar gaskiya.

Gajere, wanda sunan kawai ya gajarta amma faɗinsa ya cinye kujera da rabi, ya fara narkewa. Ishaq ya matse a lungu yana shaƙar tarihin mayanka gaba ɗaya.

"Malam Ishaq, ka fita ka sha iska mana, na ga kamar ba ka jin daɗi."

"Ni? Ai ni ɗari nake ji. Kai dai da kitse ke tsiyaya, a kawo kasko?"

Maiwada yana gaba, rawani ya jiƙe. Ya ce, "To, a yi haƙuri." Ba wanda ya kula shi.

Jatau ya zaro fankar, ya juye ta kan tabarma. Rumbun ɓera ne guda: ɓawon gyaɗa, ƙwallon dabino, guntayen goro, auduga, da tuntun hular wani da aka sasanta bara. Shekara shida masu rigima na ci suna zubarwa, ɓera na tarawa, shi kaɗai ya ci ribar zaman lafiya.

Jatau yana cikin kakkaɓewa sai aka ji Ishaq, murya can ƙasa: "Albasar nan fa dama rabinta ta ruɓe."

"San ma ba shi da tarbiyya," in ji Gajere. "Ranar kasuwa zan yanka shi, cinya taka ce."

"Na yafe. Mu fita tare."

"Tare. Ɗaya, biyu."

Ƙofofi biyu suka buɗe lokaci guda, suka zube ƙarƙashin darbejiya suna haki, kowa na yi wa ɗan'uwansa fifita da hula. Ko da Jatau ya mayar da fanka, ya ɗaura batir, esi ta tofo ƙura sannan ta saki sanyi, babu kowa a baya. An aika wa mai unguwa cewa a bar alƙali ya huta.

Maiwada ya daɗe zaune shi kaɗai, iska na kaɗa masa gemu, yana lissafin mako uku na sanyi da minti ashirin na zafi. Tunani bai saba ziyartarsa ba, don haka da ya zo sai ya karɓe shi hannu biyu.

"Jatau, cikin 'yan abubuwan nan masu launi, wanne ne in an zare fanka za ta tsaya?"

Jatau ya nuna masa. Maiwada ya sa shi ya ɗiga wa fis ɗin jan fenti, don idonsa ba kamar da ba, ya kuma roƙe shi kada maganar ta kai kunnen Hindu.