Ranar da Aka Yafe wa Yayana

Ni dai tun da aka ce ɗan gwaggonmu ya zama minista a Kaduna hankalina bai kwanta ba. Turawa na nan lokacin, ana ta maganar mulkin kai. Na san shi tun yana malamin makaranta, mutum ne da ba ya murmushi sai ya duba wa ke kallonsa. Yayana kuwa, maɗinki a kasuwar Batsari, murna yake kamar shi aka naɗa. Taubasai ne, kuma tun suna yara Yaya ba ya kiransa komai sai "bawana". Shi ma ya rama, a yi dariya a watse.

Na ce, "Yaya, ka kama bakinka. Yanzu magana kaɗan ce za a ce ka zagi manya, sai gaban alƙali."

Ya ce, "Ke dai kin cika zargi. Wasan taubasai ma laifi ne?"

Ran wata kasuwa sai ga motar minista. Ina zaune da tallan daddawata na ga Yaya ya bar keken ɗinki ya kutsa cikin mutane, ya ɗaga murya: "Kai bawana! Ashe ka sami mota, ka huta da faɗowa daga jaki!"

Wallahi kasuwa ta yi tsit. Na zuba wa bakin ministan ido, jira nake ya rama. In ya rama, kowa ya san wasa ne. In bai rama ba, zagi ke nan. Bai ce uffan ba. Ya dai juya ya yi wa wani na kusa da shi raɗa, ni kuwa raɗar nan ba ta yi mini ba.

Kafin la'asar 'yan doka suka tasa ƙeyar Yaya zuwa Safana, inda ministan zai yi taro washegari. Mutane na cewa ai bai ma sani ba, 'yan doka ne da rawar kai. Bai sani ba? Haba! Wa ya nuna musu rumfar Yaya? Biri ya yi kama da mutum.

Da safe na bi ayarin masu jakuna. Na iske fili ya cika, ministan na kan kujera, an kawo Yaya an tsugunar a gabansa ba hula. Abin haushi, Yaya murmushi yake yi. Ya ɗauka duk cikin wasan ne, taubashinsa ya shirya masa tsiya, yanzu za a kwashe da dariya.

Ministan ya miƙe, ya dubi jama'a, bai dubi Yaya ba. Ya ce, "Wannan bawan Allah ya ci mutuncina a kasuwa, amma ni ba mai riƙo ba ne. Ku sake shi. Na yafe masa."

Sai kirari, sai guɗa, ana yabon haƙurinsa. Zaɓe kuwa ya kusa. Ni na ce dama abin da aka kawo Yaya ya yi ke nan, kuma har gobe ban sauya ba. Wani ɗan doka ya zunguri Yaya ya ce ya yi godiya. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Na gode, ranka ya daɗe." Raina ya ɓaci, na ji kamar in fasa kuka.

A hanyar komawa, da muka hango Batsari, sai Yaya ya waiwayo ni. Ya tsaya ya ce, "Ƙanwata, a gidanmu an taɓa yafe wasa?"

Na ce, "Ba a taɓa ba, Yaya."

Ministan ya daɗe ana damawa da shi, ya sha wucewa ta kasuwarmu. Duk ranar da motarsa ta tsaya, Yaya yakan cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi kamar kowa, ya koma kan kekensa.