Ɓuntun Shinkafa a Gefen Kwalekwale

Shekara biyu na yi a jami'a ina fama da lissafin iskar da ke bin fiffiken jirgin sama. Lissafin kashi biyu ne. Akwai na siririyar iskar da ke manne da jikin fiffike tana jan ƙafa saboda gogayya, akwai na iskar waje mai wucewa abinta. Wannan ya miƙa wa wancan amsarsa, wancan ya gyara ya dawo da ita, har su daidaita. Nawa kuwa sun ƙi. Da an zo wajen bayan fiffike, inda iska ke sakin jikinsa, sai lambobin su haukace.

Baba masassaƙin kwalekwale ne a Wara. Da na yi masa bayani a waya, dariya ya yi. "Wanga ɗan abu ka wahal da kai? Taho gida in gwada maka." Shi in ya gama sassaƙa, sai ya sa a tuƙa kwalekwalen a tafki, ya watsa ɓuntun shinkafa a gefensa. Inda ɓuntun ya bar jikin katako ya fara juyi, nan zai koma da gizago. Na san da haka, amma lokacin kaina ya kumbura, wai ni mai kwamfuta. Na ce masa sai lissafi ya daidaita.

Sau uku yana kira. A na ƙarshe tari ya fi maganar yawa. Na ji sarai, na kuma ce saura kaɗan. Kiran da ya biyo baya na Inna ne.

Na isa an riga an dawo daga maƙabarta. Bayan kwana bakwai Inna ta kai ni bakin ruwa, ta nuna mini sabon kwalekwale a kife, da ɗan buhun ɓuntu a ƙarƙashinsa. "Ya hana a sa shi ruwa," in ji ta. "Ya ce sai ka taho, ku watsa tare."

Lissafin ya daidaita daga baya, da malamina ya sa na warware kashi biyun a lokaci guda. Ko murna ban yi ba, har yau haushin kaina nake ji.

A ranar da Inna ta nuna mini kwalekwalen dai, aka sa shi ruwa, na roƙi wani masunci ya tuƙa, na watsa ɓuntun. Ɓuntun ya bi katako lafiya lau, sai dab da baya ya saki, ya fara juyi. Na ga wurin da idona. Na ɗauko gizagon Baba na tsaya riƙe da shi. Ban san iya inda ake sassaƙewa ba, kuma babu wanda zan tambaya.